Shin Sai da Takarda Ake Kare Ƙasa?

Ƙa'idar ɗaukar kurtu a rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya a fili take, babu wani lauje cikin naɗi. Saurayin da ke son a kai shi Dafo a Zariya sai ya kasance ya gama sakandare, ya kuma ci aƙalla darussa huɗu, ciki har da Ingilishi, a zaman jarrabawar da bai wuce biyu ba. Bayan wannan ne ake duba shekarunsa da tsawonsa da lafiyar jikinsa. Ita kanta takardar neman shiga ta intanet ake cika ta, wato ke nan wanda bai iya karatun boko ba tun daga bakin zaure aka sallame shi, bai ma ga fuskar mai gida ba.

A garin da ake kwana lafiya a tashi lafiya, wannan ƙa'ida ba abin tsayawa a yi dogon nazari a kanta ba ce. Amma mu da muke koyarwa a ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ba a irin wannan gari muke zaune ba. A shekarar 2025 'yan bindiga suka kwashi mutanen Banga fiye da hamsin, aka yi karo-karo aka kai kuɗin fansa, duk da haka suka kashe fiye da talatin daga cikinsu. Ƙannen waɗannan mamata da 'ya'yansu suna nan, majiya ƙarfi, kuma da yawansu ba su da takardar da ake nema. To, tambayar da muke son mu duba tare da mai karatu ita ce: shin adalci ne hukuma ta ce wa irin wannan saurayi bai cancanci ya sa kaki ba don bai iya karatu ba? In kuma ta ɗauke shi a haka ta tura shi cikin wuta, shin shi ne adalcin?

Bari mu fara da abin da tarihi ya nuna, domin shi ba ya jin kunyar kowa. Asalin sojan Nijeriya, kamar yadda ita rundunar ke lissafawa, shi ne ɗan ƙaramin rukunin da wani Bature mai suna Glover ya haɗa a Ikko a 1863, waɗanda aka riƙa kira Hausawan Glover. Babu wanda ya tambaye su takarda. Haka nan sojojin da Lugga ya fara haɗawa a 1897, waɗanda suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka gwabza da mayaƙan Wazirin Kano Ahmadu a wajen Kwatarkwashi, nan kusa da mu, sannan suka shiga Sakkwato a watan Maris. Hafsoshi Turawa ne, amma masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne, kuma da Hausa ake ba su umurni. Shekara da shekaru Hausa ce harshen bariki, har sai Baturen hafsa ya zauna jarrabawarta. Turawan mulki ba su ɗauki rashin karatun sojansu aibi ba. Alheri ma suka ɗauke shi, domin a ganinsu ɗan boko yana da yawan tambaya, shi kuwa wanda bai yi boko ba, da an ce masa harba sai ya harba. Wannan magana mu riƙe ta, za mu bukace ta a gaba.

Da yaƙin Hitila ya zo a 1939, sai lissafi ya canza. Rundunar da za ta bi Italiyawa daga Mogadishu har cikin ƙasar Habasha a 1941, ko ta shiga dazuzzukan Bama ta fuskanci Japanawa, tana bukatar direbobi da makanikai da masu aikin wayar iska da akawuna da ma'aikatan jinya. Ina za a same su? Sai aka juya ga Kudu, inda makarantun mishan suka daɗe da kafuwa. Aka kuma shigo da darasin Ingilishi cikin bariki. A Runduna ta 81 da ta 82, waɗanda suka yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945, rabon aikin a bayyane yake: mai takarda ya fi samun aikin sana'a mai ƙarin albashi, marar takarda kuwa ya riƙe bindiga a sahun gaba, ko ya ɗauki kaya a ka yana hawa tsaunukan da mota ba ta iya hawa. Wannan rabo bai ƙare da yaƙin ba. Shi ne aka wayi gari da shi lokacin samun 'yancin kai a 1960, ƙananan sojoji akasari 'yan Arewa, hafsoshi 'yan ƙasa akasari 'yan Kudu, har ta kai shugabannin Arewa suna bin makarantun sakandare suna lallashin ɗalibai su shiga aikin hafsa.

Sai kuma yaƙin basasa. Sojan da yawansa bai wuce kimanin 10,000 ba kafin 1967, ya kumbura ya kai wajen 250,000 a 1970. Mai karatu ya san ba daga cikin masu takardar sakandare aka samo wannan jama'a ba. An kwaso manoma da 'yan dako da 'yan tasha, an kira 'yan mazan jiya su dawo, an yi wa kurtu horon 'yan makonni an miƙa shi fagen fama.

Kada a ce halinmu ne mu kaɗai. A watan Mayu na 1941, kafin Amurka ta shiga yaƙi, sojanta ya ce ba ya karɓar wanda karatunsa bai kai na ɗan aji huɗu na firamare ba. Ba a yi shekara ɗaya da rabi ba, a watan Agusta na 1942, da aka ga ana neman mutane ruwa a jallo, sai aka sassauta. A zamanin yaƙin Biyetnam kuma, daga 1966 zuwa 1971, sakataren tsaronsu Robert McNamara ya rage makin jarrabawar shiga soja, aka ɗauki samari kimanin 354,000 waɗanda a da an ce ba su isa ba, aka yi musu alkawarin za su fito da ilimi da sana'a. Waɗanda suka bi diddigin lamarin daga baya sun ce yawan mutuwarsu a fagen yaƙi ya kai wajen ninki uku na sauran sojoji.

Abin da duk wannan ke nuna mana ɗaya ne. Ƙofar bariki tana tsukewa idan ana zaman lafiya, sa'ad da aikin soja ya zama albashi da gida da fansho. Tana kuma buɗewa wangale idan yaƙi ya yi zafi, sa'ad da aikin ya zama mutuwa. Ashe ke nan mutumin da bai isa ya ci albashi ba ya isa ya mutu. In da a ce ƙa'idar takarda don kare ran marar karatu aka kafa ta, da a ranar yaƙi ne za a fi tsananta ta. Ganin cewa a ranar ake jingine ta, wannan kaɗai ya isa mu yi shakkar cewa tausayi ne ya haife ta.

To, amma kada zafin wannan magana ya ɗebe mu har mu ce karatu ba shi da amfani ga soja. Mu ɗauki tankar yaƙi, domin a cikinta ne lamarin ya fi fitowa sarai. Akwatin ƙarfe ce mai ɗauke da mutum uku ko huɗu ko biyar: kwamanda, direba, mai saita bindiga, wani lokaci da mai ɗura harsashi da mai oba-oba. Direba yana duban duniya ta 'yar kafa, sauran abin da zai sani a kan allon ma'auni yake: zafin inji, ƙarfin mai, saurin tafiya. Mai saiti yana aiki da lambobin nisa. Kwamanda yana riƙe da taswira, ana karanto masa lambobin wuri ta oba-oba, in ya juya lamba ɗaya sai ya kai mutanensa bakin abokan gaba, ko ya sa a yi wa 'yan'uwansa luguden wuta. A nan kuskuren mutum ɗaya kabarin mutum huɗu ne. Saboda haka idan makarantar motocin sulke da ke Bauci ta ce ba za ta damƙa T-72 ko VT-4 a hannun wanda ba ya iya karanta littafin injin ba, ba wulaƙanci ta yi masa ba, haƙƙin abokan zamansa a cikin akwatin ta kiyaye. Mu kanmu ba za mu yarda mu shiga motar da direbanta ba ya gane alamar hanya ba, balle tanka.

Sai dai ko a nan ma, manyan ƙasashe ba zama suka yi suna jiran masu takarda su faɗo daga sama ba. Rasha ta nemi direbobin tankarta T-34 a cikin matuƙa taraktocin gonakin gwamnati, samarin ƙauye waɗanda hannunsu ya riga ya saba da inji. A 1941 yawancin tankokinta ba su da oba-oba, da tuta ake ba su ishara, alhali na Jamus suna jin umurni ta na'ura, kuma Rasha ta biya wannan giɓi da jinin 'ya'yanta masu yawa. Su kuma Jamusawa, duk da iliminsu, da suka ga littafin tankarsu Tiger ya yi wa samari nauyi, sai a 1943 suka fitar da wani ɗan littafi mai zane-zane da baitoci masu amsa-amo don dokokin su zauna a ka. Mu da muka gaji Nana Asma'u da 'yan taru ba ma bukatar Bajamushe ya koya mana cewa abin da aka sa a waƙa ya fi saurin shiga. Amurka kuwa, bayan ta sassauta ƙa'idarta, sai ta buɗe azuzuwa na musamman a cikin bariki, ana koya wa kurtu karatu da rubutu da lissafi a cikin wata biyu zuwa uku, da littafin da aka rubuta a kan rayuwar wani farabiti. Fiye da mutum 250,000 suka fita daga waɗannan azuzuwa suna iya karatu. Wato dai sojan da ya ga yana bukatar masu karatu, shi ya koyar da su.

Akwai kuma wata tambayar da ba a cika yi ba, don an ɗauka amsarta a fili take: wane karatu ake nufi? A jikin tambarin sojan ƙasa na Nijeriya akwai rubutu da haruffan Larabci, mai cewa nasara daga Allah take. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani a tsangayar Zurmi ko Shinkafi, yana rubuta wasiƙa da ajami, zai karanta wannan tambari tun daga nesa. Amma a ma'aunin masu ɗaukar kurtu shi jahili ne. Wani kuma da ya zo da takarda mai darussa tara, wanda bai san ko ta ina ake fara karanta tambarin da zai maƙala a hularsa ba, shi ne mai ilimi. Ba muna cewa ajami zai karanta littafin injin da aka buga a Sin ba ne. Abin da muke cewa shi ne, yaron da ya iya haddace izu sittin ya kuma iya mai da sauti harafi, ya riga ya haye mafi wuyar kogin. Ƙara masa boko aikin 'yan watanni ne. Mu malamai mun sha ganin irinsu sun shigo aji a makare sun wuce waɗanda suka tarar. Kuma tunda magana ta kawo mu nan, mu faɗi abin da kowane malami ya sani ko da ba ya son faɗa: takarda daban, karatu daban. A zamanin satar amsa, akwai masu riƙe da sakamakon Ingilishi mai kyau waɗanda ba za su iya rubuta wa mahaifiyarsu layi uku ba. Ƙa'idar da ke auna takarda maimakon ta auna mutum tana shigar da waɗannan, ta bar maharbin da ya san kowace hanyar shanu da kowane kududdufi a dajin Dumburum, wanda in ya ga sawu zai faɗa maka babur nawa ne suka wuce da lokacin da suka wuce.

Yanzu mu dawo ga maganar da muka ce a riƙe. Hujja mafi ƙarfi ta masu goyon bayan takarda ita ce: soja mai karatu ya fi sanin doka, ya fi jin nauyin rai, ba a mai da shi karen farauta kamar yadda Turawa suka yi da kakanninmu a Satiru a 1906. Akwai gaskiya a ciki. Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 sun wajabta wa ƙasashe su koya wa sojojinsu dokokin yaƙi, kuma shari'ar da aka yi wa manyan 'yan Nazi a Nuremberg ta tabbatar da cewa "umurni aka ba ni" ba ya wanke mai laifi. In har za a kama ƙaramin soja da laifin bin umurnin zalunci, to wajibi ne a ba shi abin da zai gane zaluncin da shi. A 1967 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fitar da takardar ƙa'idojin yaƙi, wadda ta hana taɓa yara da mata masu ciki da asibitoci da wuraren ibada. Takarda ce mai kyau, amma ga dubban kuratan da ba su iya karanta ta ba, darajarta ta tsaya ne a kan ko samanja ya karanta musu, da kuma yadda ya fassara.

Duk da haka, ba mu yarda cewa karatu shi ne imani ba. Kisan da aka yi wa fararen hula a Asaba a watan Oktoba na 1967, a ƙarƙashin hafsoshi masu karatu aka yi shi. Mutum goma sha biyar da suka zauna a Wannsee kusa da Balin a watan Janairu na 1942 suka tsara yadda za a hallaka Yahudawan Turai, takwas daga cikinsu suna da digirin dakta. Jirgi marar matuƙi da ya jefa bom a kan masu Maulidi a Tudun Biri ta jihar Kaduna a watan Disamba na 2023, ya kashe mutum fiye da tamanin bisa kuskuren da rundunar soja ta amsa, ba marar takarda ne ya sarrafa shi ba. Kai, ko rundunar Shehu Usmanu, wadda malamai suka jagoranta, wadda a yaƙin Tsuntsuwa kaɗai aka ce ta rasa mahaddata Alƙur'ani wajen ɗari biyu, ba ta tsira daga son duniya ba. Abin da ya ɓata ran Malam Abdullahi na Gwandu ke nan har ya bar ta a wajajen 1807 ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsai da shi. Ilimi fitila ce, da ita ake neman hanyar masallaci, da ita kuma ɓarawo ke neman ƙofar rumbu. Abin da karatu ke yi wa soja shi ne ya cire masa uzuri, ya ba shi damar sani. Ko zai yi aiki da sanin, wannan tarbiyya ce da kuma shugabancin da ke kansa.

A ganinmu, babban amfanin karatu ga soja yana komawa ne ga shi kansa sojan, kuma wannan ne ake yawan mantawa. Mai karatu ya san abin da ya sa wa hannu ranar da aka ɗauke shi. Yana duba takardar albashinsa ya ga in an zaftare. Yana rubuta wa matarsa abin da ba zai iya faɗa wa akawun kamfani ya rubuta masa ba. In ya tsufa yana iya bin fanshonsa ofis-ofis ba tare da ɗan kamasho ba. Yana kuma iya barin labarinsa. Wani Bayarabe ma'aikacin jinya, Isaac Fadoyebo, wanda aka harba a bakin kogin Kaladan a 1944, wani Musulmi ɗan ƙauye ya ɓoye shi wata da watanni, ya dawo gida ya rubuta abin da ya same shi, yau ana karantawa har a Ingila. Dubban 'yan Arewa da suka taka wannan daji tare da shi, waɗanda jirgin ƙasa ya kwasa daga tashoshi irin ta Ƙaura da Gusau, yawancinsu sun shiga kabari da nasu labarin. Abin da ya rage mana shi ne sunayen barikoki, Dalet a Kaduna, Dodan a Ikko, Chindit a Zariya, waɗanda muke faɗa kullum ba tare da mun san daga Bama suka zo ba.

Saboda haka mu ba mu ce a soke ƙa'idar karatu ba, kuma ba mu yarda a bar ta yadda take ba. Abin da muke gani shi ne an ɗora nauyin a kan wuyan da bai dace ba. A watan Fabrairu na 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a watan Satumba na shekarar kuma aka sace ɗalibai a Ƙaya ta Maradun, gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu. A ƙauyuka da yawa tun kafin wannan ma malami ya daina zuwa, don hanya ta gagara. Yaron da yake aji uku a lokacin, yau ya isa shiga soja. Ɗan bindiga ya hana shi karatu, hukumar da ta kasa tsare makarantarsa kuma ta ce ba ta ɗaukarsa ya yaƙi ɗan bindiga don ba shi da karatu. Ina zai nufa? Sai ya ɗauki bindigar toka ya shiga 'yan sa-kai, inda babu albashi, babu horo, babu wanda zai karanta masa wata doka, kuma duk mun san irin kisan ba gaira ba dalili da aka yi da sunan sa-kai, wanda ya ƙara wa wutar nan fetur. In kuma zuciya ta ɗebe shi, akwai wata rundunar a cikin daji wadda ba ta tambayar kowa sakamakon jarrabawa.

Askarawan da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a watan Janairu na 2024, su fiye da dubu biyu, sun nuna an fara gane cewa ba a iya yin wannan yaƙi ba tare da 'yan ƙasa masu sanin daji ba. Amma a tsakanin askari da soja akwai tazarar albashi da makami da fansho da diyyar iyali, kuma takarda ce ta haƙa wannan rami. Abin da ya kamata shi ne a auna saurayi da jarrabawar da za a zauna a gaban masu ɗauka, a yarda ya amsa da Hausar boko ko da ajami in ya fi iyawa da su. Wanda ya nuna kaifin hankali amma karatunsa bai kai ba, a ba shi wata uku ko shida a aji kafin a ba shi bindiga, ana biyansa, a koya masa karatu da lissafi da taswira da dokokin yaƙi, da sharaɗin ba za a kai shi fagen fama ba sai ya ci. Tanka da oba-oba da aikin jinya su jira sai wanda ya yi nisa. Rundunar tana da sashen ilimi nata, tana kuma da makarantar sakandare ta soja a Zariya tun 1954, saboda haka ba sabon abu za ta fara ba. Malaman da za su taimaka kuwa ga su nan birjik a Ƙaura da Gusau, waɗanda aka taso daga makarantun ƙauyukan da aka rufe, suna sa hannu a rajista da safe su koma gida.